Sakin da Aka Ɗauka Sau Uku

Sha'aban ɗan ƙanin mahaifina ne. Na girme shi da shekara tara, ni na yi renonsa, saboda haka ba wanda zai zaunar da ni ya gaya mini ko shi wane ne. A Salaga aka haife shi, a gidanmu na gado da ke bayan tsohuwar kasuwa, gidan da kakanninmu suka gina tun goro yana da daraja. Ubansa doya yake saye a ƙauyuka yana lodawa zuwa Kumasi, kuma ya so ɗan ya gaje shi. Ɗan kuwa har yau in ka ajiye masa doyar puna da doyar ruwa sai ya tambaye ka wacce ce ta sakwara.

Zane ya iya. Tun yana ƙarami bangon gidanmu bai huta da gawayi ba. Da ya bar makaranta sai ya shiga rubuta alluna: kawunan samari a ƙofar masu aski, kaza da kwanon miya a ƙofar masu abinci. Daga nan ya samo tsohuwar kyamara a Kumasi ya koma ɗaukar biki da suna da saukar karatu da dawowar alhazai. Shekara takwas yana wannan. Wata rana ya shigo shagona na ɗinki, ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya ce, "Yaya Asiatu, na gaji da ɗaukar mutane suna cin shinkafa. Fim zan yi."

Na ce, "Da wa?"

Ya ce, "Da ke, mana. Ba ke kika gama sakandare ba?"

Haka aka kafa kamfanin Rijiya Dubu. In an ce kamfani kada ku hango bene. Shago ɗaya ne kusa da mai sayar da magani: kwamfuta, kyamara biyu, fanka mai ƙara, da makirfo ɗaure a kan gora an saka masa safar ƙafa saboda iska. Sha'aban ne marubuci, shi ne darakta, shi ke ɗauka, shi ke haɗawa. Ni nake ɗinka kayan 'yan wasa, nake kwafe wa kowa maganarsa da hannu, nake kuma riƙe da littafin da ake rubuta abin da kowa ya saka a kowace fitowa, don kada mutum ya shiga ɗaki da farar hula ya fito da ja. In an gama sai ya ɗora a tasharsa ta intanet, mutane su sauke su yi ta tura wa juna a waya. Kowa na kallo, kowa na da gyara, ba mai tambayar yadda aka yi aka ci abinci ranar ɗauka.

Matsalarsa ta farko mata ce. Ba uban da zai yarda 'yarsa ta fito a matsayin matar wani ƙato, ba mijin da zai yarda a ga matarsa tana miƙa wa wani ruwan wanka. Finafinansa uku na farko, duk matar da ke cikin labarin ko ta tafi kasuwa, ko ta yi tafiya, ko tana magana daga bayan labule. Muryar bayan labulen ni ce. Har aka fara yi masa ba'a a majalisa wai a garin Sha'aban mata ba sa zama a gida.

Sai ya fito da ƙa'idarsa, wadda ya yi ta alfahari da ita: duk wanda zai fito miji da mata a fim ɗin Rijiya Dubu, to miji da mata ne na gaskiya, waɗanda aka ɗaura wa aure aka raba goro. Su zauna a tabarma ɗaya, ta zuba masa abinci, ya riƙe mata hannu, ba mai cewa uffan. Dattawan unguwa suka sa masa albarka. Ni ma na yaba, ba zan ɓoye ba.

A Yendi ya samo waɗanda suka ɗaga kamfanin. Ya je ɗaukar wani biki, sai ya ji wasu miji da mata suna musu a bayan rumfa a kan wanda ya manta makullin babur, mutane sun bar amarya sun kewaye su suna dariya. Mijin Wadud, mai gyaran babur ne. Matar Munawara, wake da shinkafa take sayarwa kusa da tasha. Shekararsu bakwai da aure, 'ya'yansu mata biyu. Ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, amma in suka fara cacar baki ba ka son su daina.

A kansu ya rubuta dogon shirinsa, Layin Masu Doya, kashi ashirin da shida. Wadud ya fito a Faruq dillalin doya, Munawara ta fito a matarsa Abida. Shekara biyu ana ɗauka, domin ba kullum ake samunsu ba. Sai ranar da ba kasuwa su hau babur daga Yendi su zo, ko mu mu kwashi kaya mu bi su. Sha'aban ya ƙi sakin ko kashi ɗaya sai da ya gama ɗaukar duka, wai kada wani ya mutu ko ya yi fushi a bar shi da rabin labari. Bayan nan ya fara saki, kowace Juma'a kashi ɗaya. Kafin a kai kashi na goma, mata a kasuwar Salaga suna kiran Munawara da Abida, direbobin Bimbilla suna tsayar da Wadud su yi hoto da shi.

A kashi na sha biyu labarin ya kai inda Faruq ya zargi Abida da gaya wa yayanta sirrin cinikinsa, ya fusata ya ce, "Abida, tattara kayanki ki tafi gidanku, na sake ki." Saki ɗaya ne a labarin, kuma a kashi na sha tara zai je biko ta dawo. Wannan layi ni na kwafe shi da hannuna har sau huɗu. Ban ga komai a cikinsa ba. Sha'aban bai gani ba, su ma masu faɗar ba su gani ba. Mun yi ta murna mun toshe bakin dattawa, ba wanda ya tsaya ya tuna cewa mutumin da zai furta kalmar nan matarsa ta sunna ce tsaye a gabansa.

Na tuna ranar ɗaukar sarai, da hantsi ne, a wata rumfar doya. Wadud ya haɗe rai ya faɗi maganarsa, sai ga mai keken gawayi ya ratso da ƙarar da ta cinye rabin kalmar. Sha'aban ya ce a sake. Ya faɗa karo na biyu, sai akuya ta ja doya ɗaya daga ƙasan tsibi, tsibin ya rushe a ƙafar Munawara, ta tuntsire da dariya. A na uku aka samu.

Wadud ya share gumi ya ce, "Darakta, Allah ya saka maka. Abin da na shekara bakwai ina tsoron faɗa, yau ka sa na faɗa har da maimaici."

Munawara ta ce, "Faɗi da kyau, mai baƙin mai. In na tafi sai mu ga wadda za ta wanke maka rigunan nan da ko kare ba ya kwanciya a kansu."

Aka yi dariya, aka ci abinci, suka hau babur ɗinsu suka koma Yendi. Wata goma sha huɗu suka ƙara a ɗaki ɗaya bayan wannan rana, ba abin da ya faru.

Sha'aban yana da wata al'ada ta talla. Kowace Alhamis yakan saki ɗan guntun bidiyo na kurakuran da aka yi wajen ɗauka, don mutane su yi dariya su jira Juma'a. A satin kashi na sha biyu ya haɗa ɗaukar nan uku a jere, da keken gawayi, da akuya, da barkwancin Wadud. Minti ɗaya da rabi. Duk abin da ya yi a rayuwarsa ba wanda ya yi yawo kamar wannan guntu. Ya je Tamale, ya je Kumasi, ya je Accra. Ya kuma je kasuwar shanu ta Bawku.

A can Alhaji Zuberu yake, yayan mahaifin Munawara. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, shi ne waliyyinta, shi ya ba da aurenta. Dillalin shanu ne, ba ya kallon fim. Abokan cinikinsa ne suka miƙa masa waya suna dariya, suka ce, "Alhaji, ba 'yarka ba ce wannan?" Ya kalla. Kowa dariyar akuya yake yi, shi ƙirga yake yi. Ɗaya, biyu, uku.

Ranar Asabar da safe Mma Memuna, mahaifiyar Munawara, ta shiga gidan Wadud da babban kwano a ka, tana kuka tana tattara kayan 'yarta. Alhaji ya kira ta ya ce aure ya ƙare tun wata goma sha huɗu da suka wuce, zaman da ake yi ba zama ba ne, kuma a Bawku za a yi idda, a gabansa. Kafin azahar an saka Munawara a mota da ƙaramar 'yarta a baya. Babbar, Sumaiya, aka bar ta wurin uwar Wadud.

Ina shagon lokacin da Wadud ya kira. Sha'aban ya buɗe muryar wayar don hannunsa na kan kwamfuta.

"Darakta, sun tafi da ita."

"Wa ya tafi da wa?"

"Munawara. Baba Zuberu ya ce na sake ta saki uku. Ya ce duniya ta gani."

Sha'aban ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi. Ya ce, "Abokina, bar wasa, Abida ka saka, ba Munawara ba."

Wadud ya ce, "To zo ka gaya wa ɗakin nan haka, ga shi ba kowa a ciki."

Washegari muka tafi Yendi wurin Afa Mudasiru, malamin da ya ɗaura auren. Tsoho ne mai sanyin magana. Ya sa aka kunna masa guntun har sau biyu, bai yi dariya ba ko da akuya ta fito. Sannan ya juya ga Wadud.

"Sunan wa ka kira?"

"Abida, Afa."

"Sunan matarka ke nan?"

"A'a."

"Maganar taka ce, ko an rubuta maka?"

Na zaro takardar da na kwafe wa Wadud maganarsa daga jaka na miƙa. Ya duba rubutuna, ya dube ni, ya mayar mini. Ya ce gaskiya ne saki ba abin wasa ba ne, kuma da sun zo wurinsa kafin su ɗauka da ya hana su. Amma a fahimtarsa, wanda aka ba maganar wani ya maimaita, da sunan wata, kowa a wurin ya san labari ake bayarwa, bai saki matarsa ba. Auren yana nan. Ya rubuta haka da hannunsa, ya naɗe takardar ya ba Wadud. Da muka miƙe sai ya ƙara da cewa, "Ni dai na faɗi abin da na sani. Amma yarinyar ba a gidana take ba."

Sai da muka yi kwana tara kafin Alhaji ya yarda ya gan mu, Sha'aban kuwa ya dakatar da sakin sabon kashi. Muka tafi mu uku, ni da Sha'aban da Wadud, mota uku muka canza, ga shingayen jami'an tsaro kafin a shiga gari. Sha'aban ya ɗauko kwamfutarsa da ɗan baƙin akwatin nan kamar tafin hannu da suke kira diraif, inda duka kashi ashirin da shida suke ajiye. Wai zai nuna wa Alhaji kashi na sha tara, ya ga da idonsa Abida ta koma ɗakinta. Tunaninsa ke nan. Ya ɗauka duk wanda ya ga ƙarshen labarin zai huce.

Mazan suka wuce kasuwa, ni na fara shiga gidan Alhaji. Na tarar da Munawara a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta rame, ba kwalli ba ɗan kunne.

Ta ce, "Anti Asiatu, ƙirga mini kwanaki ake yi. An karɓe wayata, wai Wadud ba muharramina ba ne yanzu. Sumaiya tana cin abinci?"

Na ce tana ci. Ban sani ba, amma haka na ce.

Ta ce, "Ni ba fim ya dame ni ba. Ku ba shi duk abin da yake so. Ina so in koma ɗakina."

Na sami su Sha'aban a rumfar Alhaji a bakin kasuwar shanu. Dogon mutum ne, ya haura saba'in, da sanda a kan cinya. Abokan cinikinsa biyar ko shida suna zaune, ba wanda ya tashi don ya ba mu wuri, sun zo kallo ne. Wadud ya durƙusa ya miƙa takardar Afa. Alhaji ya sa aka karanta masa, sannan ya ce, "Afa Mudasiru ya fi ni karatu. Na kuma tambayi wani a nan, ya ce mini akasin haka. To na bi na Afa, tunda shi ya ɗaura."

Wadud ya fara godiya. Alhaji ya ɗaga sanda.

"Ban gama ba. Kai ne mai kyamarar?"

Sha'aban ya ce, "Ni ne, Baba."

"Ɗana, shekara arba'in ina cikin kasuwar nan. In na ce saniya lafiyarta ƙalau, ba mai buɗe bakinta. Yau in na wuce sai in ji yara suna cewa tattara kayanki ki tafi gidanku. 'Yar ƙanina, marainiya, da na aurar da hannuna. Kowa ya danna waya sai a sake ta, ya ƙara dannawa a ƙara sakinta, tana dariya. Littafi ya ce ba a sake ta ba, na ji. Idon mutane fa?"

Sha'aban ya buɗe kwamfuta ya ce, "Baba, in ka ga kashi na sha tara..."

"Akwai wani kuma? Nawa ne?"

"Ashirin da shida. Sha biyu sun fita, sha huɗu suna nan." Ya ɗaga diraif ɗin ya nuna masa.

Ni a nan na san an gama. Mutum ya zo roƙo, ya ɗauko abin da ya fi so a duniya ya ɗora a kan tabarma.

Alhaji ya ce sharaɗinsa ɗaya ne. Duk inda fuskar Munawara take a aikin Sha'aban a cire. Waɗanda suka fita a cire su daga tashar, waɗanda ba su fita ba kada su fita har abada. In an yi haka ta koma ɗakinta.

Ban iya yin shiru ba. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ni mace ce a rumfar maza, amma zan faɗa. Abin da ya ɓata maka rai minti ɗaya da rabi ne, kuma yana cikin wayar kowa a nan, har da waɗannan bayin Allah da suka nuna maka. Ko an ƙona shagonmu ba zai fita daga wayoyinsu ba. Abin da kake cewa a kashe shi ne wanda ba wanda ya gani, kuma a cikinsa ne aka mayar da ita da mutuncinta. Wane irin gyara ne wannan?"

Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Kai, wannan ta Salaga ce ko?" Suka yi dariya.

Alhaji bai yi ba. Ya ce, "'Yata, wayoyin mutane ba su zo rumfata ba. Shi ya zo."

Sha'aban ya dubi Wadud, wanda har lokacin yana durƙushe, kansa a ƙasa. Sai ya zaro wayarsa, ya shiga tasharsa, ya fara cire su kashi-kashi, yana nuna wa Alhaji kowanne kafin ya danna. Sha biyu, da guntayen Alhamis duka. Da ya zo kan diraif ya ce zai goge, Alhaji ya ce shi bai yarda da gogewa ba, ya ji ana cewa abin da aka goge a waya masu gyara suna dawo da shi. Ya sa aka kawo gudumar da ake kafa turken shanu. Sha'aban ya ajiye akwatin a kan dutse ya buga da kansa. Bugu biyu ya isa.

Alhaji ya ce, "Shi ke nan, ko akwai wani?"

Akwai. Na san akwai diraif na biyu, domin a cikin akwatin keken ɗinkina yake, naɗe a ƙyalle. Sha'aban ya ba ni ajiya tun da aka gama ɗauka saboda tsoron gobara. Ba wanda ya sani sai mu biyu. Na taka masa ƙafa, na taka da ƙarfi.

Ya ce, "Akwai ɗaya a Salaga, Baba."

Alhaji ya dube shi. Ya ce, "To je ka yi masa abin da ka yi wa wannan. In ka gama ka kira ni ka rantse. Ranar zan sa ta a mota."

Da muka isa gida Sha'aban ya biyo ni shago ya miƙo hannu. Na ce ba zan bayar ba.

Na ce, "Kira shi ka ce ka fasa. Wa zai zo ya buɗe keken ɗinkina? Tsohon nan ba zai dawwama ba. Shekara biyar, shekara goma, ka fito da abinka."

Ya ce, "Rantsuwa ya ce, Yaya."

"To ni zan ɓoye inda ba ka sani ba, sai ka rantse ba ka san inda yake ba."

"Ba abin da ya tambaya ke nan ba."

"Shekara biyu, Sha'aban! Rana ta gasa mu, ruwa ya dake mu a hanyar Yendi, na ɗinka riga tamanin da wani abu. Don wani ya ji kunya a gaban masu shanu?"

Ya ce, "Ni na sa masa maganar a baki. Ni na saki guntun don a yi dariya. Sumaiya na can tana tambayar uwarta. Ba ni."

Na ba shi. Bai yi amfani da guduma ba. Ya zauna a kan buhun ƙyallayen nan, ya ari ƙaramin sukundireban kekena, ya kwance akwatin a hankali kamar mai gyara, ya zaro faifan da ke ciki mai sheƙi, ya kankare shi da bakin almakashi gaba da baya, ya lanƙwasa shi. Sannan ya kira Bawku ya rantse. Bayan kwana huɗu Munawara ta sauka a tashar Yendi da 'yarta a baya, Wadud ya ɗauke su a babur. Ba a sake ɗaura aure ba, ba a yi wani taro ba. Washegari ta hura wutar wake da shinkafarta.

Kamfanin kuwa ya watse. Sauran ma'auratan da muke aiki da su, gida uku, duk suka janye. Wani ya ce shi ko "tashi ki ba ni wuri" ba zai ƙara faɗa wa matarsa a gaban kyamara ba. Dattawan da suka sa wa ƙa'idar albarka su ne suka fara cewa dama sun san za a yi haka. Sha'aban ya koma ɗaukar mutane suna cin shinkafa.

Wajen wata bakwai bayan nan na leƙa shagonsa na tarar da shi da wani allo na roba da alƙalami marar tawada, yana zane yana fitowa a kwamfuta. Ya zana wata tsohuwa mai sayar da doya, ya sa ta ɗaga hannu, ya sa ta sauke. Ya ce kwana uku ya yi kafin hannun ya ɗagu yadda yake so. A waya ya koya, wurin masu koyarwa a intanet.

Na ce, "Yanzu fim ɗin katun za ka koma, da girmanka?"

Ya ce, "Yaya, wannan ba ta da baffa a Bawku."

Abin da yake yi ke nan yau. Kowane kashi minti huɗu ne, yana cin sati uku. Yara suna so, manya suna kallo suna cewa don yara suke kunnawa. Allon Rijiya Dubu yana nan a ƙofa, ya ƙara kalmar katun a ƙasa da fenti. Muryoyin kuwa, in ya tara kashi biyu ko uku sai ya hau mota zuwa Yendi da makirfonsa mai safa. Munawara ce tsohuwa mai doya. Wadud zabo ne da ke damunta a rumfa. Suna zagin juna son ransu, kuma Sha'aban ya tabbatar ba aure tsakanin tsohuwa da zabo. Ko Alhaji ya gane muryar, bai ce komai ba.

Ni ba ni da aiki a ciki, mutanen zane ba sa zuwa awo. Wani lokaci yakan turo mini hoto ya tambaya ko wannan atamfa ta dace da tsohuwa, in ce masa a'a.

Guntun nan na minti ɗaya da rabi yana nan yana yawo. Ko a watan jiya wata ƙawata ta turo mini shi daga Kumasi, da fuskokin dariya a ƙasa, ba ta san ni ce tsaye a bayan kyamara riƙe da littafi ba. Ban da 'yan kashin farko da suka maƙale a wayoyin mutane, duk abin da ya rage na Layin Masu Doya ke nan a duniya, shi da littafina. Har yanzu mata sukan tare ni a kasuwa su ce, "Asiatu, wai Faruq ya mayar da Abida kuwa?" Nakan ce ya mayar, a kashi na sha tara. Ta shigo da shuɗin zane mai zanen ganyen rogo da farin mayafi, shi yana sanye da rigar da ya saka ranar da ya kore ta, ba a wanke ba. Haka na rubuta a shafi na sittin da ɗaya.